Ratsi Uku na Rawaya

Na sa Malam Sale, mijin autata, ya zauna da alƙalami da tawada ya rubuta wannan magana yadda ta fito daga bakina. Na kuma gargaɗe shi kada ya gyara mini ko kalma ɗaya, don na san halin malamai da son yi wa zance kwalliya. Ku 'ya'yana da jikokina nake yi wa ita. Kun taso kun tarar ana kiran saƙar gidan nan Gangancin Lami, kun ji mata a bakin rijiya suna cewa ni na ƙago ta tun ina budurwa, wai na shiga daji neman itace na ga fure, na dawo na zuba shi a majanyi. Ni ma na sha ba ku labarin a haka, ina washe baki kuna yaba mini. To, rabinsa gaskiya ne. Ɗaya rabin na danne shi a cikina sama da shekara hamsin. Yanzu ƙafa ta ƙi, haƙora sun zube, ba na so a kai ni makwancina da shi.

Gidanmu a Birnin Gwari, can gindin dutse kusa da ƙofar da ake fita zuwa rafi, gidan saƙar mata ne tun kakanni. Maza suna gona, in rani ya yi su ɗaura wa jakuna kaya su tafi fatauci. Mata kuwa su gurza auduga, su shiɓe, su kaɗa zare, su saƙa gwado da majanyi a masaƙar tsaye da ke jingine da bangon ɗaki. Kowane gida mai saƙa yana da ratsinsa. Namu baƙin baba ne mai faɗi, sai farin ratsi uku a tsakiya, ba ƙari ba ragi. Kada ku ɗauka ado ne kawai. A wancan zamani in aka yi kururuwa mahara sun taso, kowa dutse yake hayewa ko ya faɗa daji, uwa ta rabu da ɗanta ba da sonta ba. Jaririn da aka tsinta a gindin kalgo, majanyinsa ake dubawa a san gidan da za a mai da shi. Babanmu da kansa haka aka dawo da shi gida yana ɗan wata biyar, wani Bafillace ne ya tsince shi ya gane ratsin. Shi ya sa a gidanmu an fi yafe wa yarinya ta fasa tulu goma a kan ta taɓa ratsin nan.

Mace ɗaya ce ke riƙe da akwasha a gida, wato faffaɗan icen nan da ake buga saƙa da shi, wanda yanzu yake rataye a ɗakina ya yi baƙi don shan hannu. Mai akwasha ita ke yin wadari, ita ke jera zaren tsaye a masaƙa ta ƙidaya baƙi ta ƙidaya fari, saura sai dai su bi abin da ta jera. Kakarmu, da za ta ajiye, ba ta ba 'yar cikinta Gwaggo Dije ba. Ta ba surukarta, Inna, don hannun Inna ya fi. Gwaggo Dije yayar Baba ce, mijinta ya rasu ta dawo gida da zama, kuma ban taɓa jin ta yi wa Inna baƙar magana a kan akwashar nan ba. Sai dai in Inna tana wadari, Gwaggo takan tsaya a bayanta hannu a ƙugu, leɓenta yana motsi, tana ƙidaya tare da ita. Dokar gida kuwa kowa ya san ta: ranar da ido ya kasa raba zare, ranar ake miƙa akwasha, mace ta koma gefen tabarma tana gurzar auduga har mutuwarta.

Shekarar da nake ba ku labari ina 'yar sha biyar ko sha shida, ni kaɗai na san idon Inna yana tafiya. Ni ke kwana a ɗakinta. Na ga ta zuba ruwa a gefen randa tana tsammani baki ne. Na ga ta fara shafa bango in za ta fita. In za ta zura zare a allura sai ta ce, "Lami, zo ki koyi wannan," alhali na iya tun ina 'yar bakwai. Ban ce mata na gane ba, ita ma ba ta ce mini ta san na gane ba. Sai dai in na ga Gwaggo tafe nakan kawar da ƙwarya daga hanyar Inna, in ce, "Inna, ga Gwaggo nan da sabon kallabinta," don ta san wa za ta gaisar.

Bayan an gama kaka, Yaya Asabe ta zo gida goyon ciki daga Gayam, inda take aure. Ita ce 'yar farin Inna. Ku yaran yanzu kun fara sake da abin nan, amma a lokacinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta dubansa ido da ido, ba ta yi masa wasa ko a ɗaka. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta ce Asabe ba, sai dai "yarinyar can". In ta ajiye mata tsokar nama sai ta ce mini, "Kai wa yarinyar can, kada ki ce daga ni ne." Abu guda al'ada ta yarda uwa ta yi wa 'yar farinta a fili, kowa yana gani: ta yi wadarin majanyin jikanta na farko da hannunta, ita kaɗai, ba mai taya ta. Yaya Asabe kuwa tun ranar da ta sauka take leƙen masaƙar nan ta gefen ido. Mace ce mai shiru, ba ta roƙon komai, amma ni da muke cin tuwo a akushi ɗaya na san abin da take jira.

Baba ya riga ya tafi fatauci ƙasar Nufe. Wata ranar Laraba da hantsi Gwaggo ta ja Yaya suka shiga maƙwabta barka, ni kuma aka aike ni rafi. Da na dawo na sauke tulu, na ɗaga asabarin ɗakin Inna na leƙa. Wadari ya hau masaƙa, an gama shi tsaf, baƙin ya miƙe ba zare ko ɗaya da ya karkace. Amma inda fari uku za su zauna, rawaya ce uku, ɗanya shar, suna ta ƙyalli a hasken ƙofa. Muna da ɗan zaren rawaya a gida, wanda Inna ke rinawa da saiwa don masu ɗinkin hula, kuma taskirarsa tana kusa da ta farin. Nan take na ce a raina, shi ke nan, ta ɗauki wannan a maimakon wancan. Inna tana zaune a gaban masaƙar, hannunta a cinya, tana kallonta kamar mai kallon jinjiri. Kafin in buɗe baki na ji takun Gwaggo a bayana.

"La'ilaha illallahu! Me nake gani haka?"

Ta kira Inna da sunanta, wanda ba zan faɗa ba. Ta matso ta kama zaren da yatsa biyu.

"Rawaya? A majanyin gidan nan? Dube ni nan. Ɗaga ido ki gaya mini launin abin da ke hannuna."

Wallahi ban yi shawara da zuciyata ba. Bakina ne ya tafi shi kaɗai.

"Ni ce, Gwaggo. Inna ta ce kanta yana sara, ta kishingiɗa, ni kuma na ce bari in rage mata aiki. Na ga rawayar ta fi kyau."

"Ta fi me?"

"Ta fi kyau."

Marin da ta ɗauke ni da shi har yau in sanyi ya yi nakan ji shi a kunnen hagu. Ta ce ganganci, ta ce rashin kunya, ta ce budurwar da ba ta san zafin naƙuda ba ta sa hannu a wadarin ɗan fari, wannan wace irin masifa ce. Duk wannan bai dame ni ba, na saba da bakin Gwaggo. Abin da ya tsaya mini shi ne Yaya Asabe. Tana tsaye a bakin ƙofa, hannu ɗaya a bayanta saboda nauyin ciki. Ba ta dubi rawayar ba ma. Ƙasa ta duba, ta yi magana a hankali, ba da kowa ba.

"Ashe ban kai a yi mini wadari da hannu ba."

Ta juya ta koma ɗakinta. Na dubi Inna ina jira. Leɓenta ya motsa, sai kuma ta sunkuyar da kai. A lokacin na ji daɗin shirun nan, har na ji kaina ya yi girma. Na rufa wa uwata asiri, akwasha tana nan a hannunta. Ban lura da cewa ƙaryar da na rufe idon Inna da ita, ita ce ta gaya wa Yaya uwarta ba ta damu da ita ba. Yarinta ce, ban hango nan ba.

Gwaggo ta so ta sa wuƙa ta tsinke wadarin, amma hannunta ya tsaya a sama. Ba a yanke wadarin majanyin ɗan da bai iso duniya ba. Ku kira shi camfi in kun ga dama, Malam Sale ma ga shi nan yana girgiza kai, amma ba macen da za ta yarda ta gwada a kan cikin 'yar gidansu. Sai ta jefar da wuƙar ta nuna ni da yatsa.

"Wadda ta ɓata ita za ta saƙa. Ki zauna ki saƙa abinki, ranar suna ki sha kunyarki a gaban mata."

Kwana uku ina zaune gaban masaƙar nan ban buga ko sau ɗaya ba. Gaskiya ita ce abin ba shi da kyau. Na faɗa wa Gwaggo ya fi kyau don bakina ya riga ya faɗa, amma rawaya tsirara a kan baƙi kamar gwaiduwar ƙwai ce ta fashe a kan gawayi. In na dube ta sai idona ya yi zafi. Na gwada karkata kai, na gwada komawa bakin ƙofa in hango ta daga nesa, duk ɗaya. Yaya ta daina cin abinci da ni. Inna takan ajiye mini kunu a gefena ta wuce ba magana. Ni kuma ga taurin kai, na rantse a raina ba zan ba Gwaggo abin dariya ba, amma ban san ta ina zan ɓullo ba.

Rana ta huɗu matan unguwa suka fita itace, na ɗauki gatari na bi su don in huta da kallon abin. Mafarauta da Fulani sun riga sun sa wa dajin yamma wuta don sabuwar ciyawa ta tsiro, ko'ina baƙi ƙirin, ƙafa tana nutsewa cikin toka, kaɗanya da maje sun tsaya tsirara. Na ware daga sauran ina neman busasshen reshe, sai na tarar da wata tsohuwa Bagwariya da ke kawo wa Inna saiwar rawaya, ta sauke ƙwaryarta daga kafaɗa tana haƙa. A gabanta ne na gan su. Na sha ganin furen rawaya, wa bai sha gani ba? Amma ban taɓa dubansa ba sai ranar. Ba ganye, ba kara, fure ne kawai zaune a kan baƙar ƙasa, nan ɗaya, can biyu, can uku a jere. Rawaya a kan baƙi, irin abin da na baro a gida, amma wannan ba ya cizon ido. Na durƙusa na rasa dalili. Na juya ɗaya da yatsa, sai na ga ashe rawayar ba ta taɓa baƙin ba. A ƙarƙashinta akwai ɗan ja-ja mai duhu da ya tallafe ta, ga siraran jijiyoyi ja a bayan furen, sannan a kewaye farar toka ta kwanta siririya kafin baƙin ya fara. Na daɗe a durƙushe har tsohuwar ta daina haƙa ta dube ni.

"'Yar masaƙa, fure ba a ci. Saiwa ake haƙa."

"Kaka, kallo nake yi."

"To kalla da kyau. Gobe akuya ta zo."

Na tsinki uku na ƙulle a bakin zanena. Itacen da na kawo gida ranar ko tuwon mutum biyu ba zai dafa ba, Gwaggo ta faɗa, kuma ta yi gaskiya. Na bari ta gama, na durƙusa a gabanta.

"Gwaggo, an hana yankewa. An hana ƙarawa?"

"Ƙara abin da kika ga dama. Ai kin riga kin kashe shi, ko gashin jaki kika sa ba ruwana."

Na samo karan dafi wurin dukawa, na dafa shi da kanwa, na tsoma zare har sau uku kafin ya ba ni jan da nake so, mai duhu irin na gindin furen. Na zura ja biyu a kowane gefe na kowace rawaya, a bayan jan kuma fari ɗaya tak, siriri, a madadin tokar. Da na ɗaure na ƙarshe na koma bakin ƙofa na juyo na duba. Rawayar ta zauna. Ta daina ihu, ta koma haske. Ban san yadda zan kwatanta muku daɗin nan ba, wanda bai taɓa yin abu da hannunsa ya ga ya tashi da rai ba, ba zai gane ba. Kwana goma sha biyu na yi ina saƙa, ban ji yunwa ba, ban ji ciwon baya ba. Inna takan zo wucewa ta shafa da tafin hannu, ta tsaya a kan ratsin ta ɗan jima, sannan ta ce, "Ƙara bugu a nan, ya yi sako-sako." Iyakar abin da take faɗa ke nan.

Yaya ta sauka lafiya, ta sami mace, Kulu, wadda kuka sani a Gayam. Ranar suna na ninke majanyin na kai mata da hannu biyu. Ta dube shi, na ga idonta ya tsaya a kansa, don ita ma 'yar masaƙa ce, ta san abu mai kyau. Sai ta kawar da kai.

"Ajiye abinki, Lami. Gwaggo ta saƙa mini wani."

Da majanyin Gwaggo, baƙi da fari uku, ta goya Kulu ta koma Gayam bayan arba'in. Ta yi sallama da kowa har da matar maƙwabci. Ta durƙusa a ƙofar Inna ta ce ta tafi, Inna ta ce daga ciki Allah ya kiyaye hanya. Ni kuwa ta wuce ni kamar turmi.

Majanyin nan kuma ya ƙi ɓoyuwa. A ranar sunan nan, Gwaggo ta rataye shi a igiyar tsakar gida da gangan don mata su yi mini dariya, tana cewa ku zo ku ga gangancin Lami. Wasu sun yi dariyar. Amma matar wani falke ta tsaya tana juya shi, ta ce a saƙa mata irinsa. Bayanta wata, bayanta wata. Kafin damina biyu ana goyo da irinsa a Tabanni, ana tambayarsa a kasuwa da sunan da Gwaggo ta raɗa masa don zagi. Gwaggon da kanta, Allah ya ji ƙanta, na kama ta tana gaya wa wata baƙuwa wai ita ta ba ni shawarar jan. Inna ta ƙara shekara guda da akwasha, ni ce idonta a ɓoye. Daga nan wata safiya ta ɗauko ta da kanta ta ajiye a gaban Gwaggo, ta ce, "Yaya, karɓi, na daina gani." Shekara guda, iyakar abin da ƙaryata ta saya mata ke nan.

Ana saura kwana kaɗan a kai ni ɗakin kakanku, wata rana da hantsi Inna tana gefen tabarma tana gurzar auduga a rana. Gida ba kowa. Ta ce in ɗauko mata majanyin yarinyar can. Na ɗauko daga ƙasan tukunyar kayana. Ta ɗaga shi saitin rana, ta kai shi dab da fuskarta, ta jima, sannan ta sauke. Ta kai shi hanci ta shaƙa.

"Ya tafi. Da ina ganinsu, yanzu ko su ba na gani."

"Me, Inna?"

"Lami, ke har yau kina tsammani ban san rawaya na zuba ba?"

Na ce ai taskirorin a jere suke, kowa ma zai iya kuskure. Sai ta yi 'yar dariya.

"Ke tafi can. Shekara talatin ina kaɗi. Zaren rawaya kaushi gare shi, ga warin saiwa da ba ya fita. Ko hancina aka toshe, yatsana ya san shi. Ke da kike 'yar gidan nan, ya aka yi kika manta?"

Ta ci gaba tana shafa ratsin da babban yatsa.

"Fari ya riga ya ɓace mini a lokacin. Shi da bango da hayaƙi duk ɗaya. Ranar nan na kwashi zaren gidan nan kaf na fito bakin ƙofa ina ɗagawa ɗaya-ɗaya, rawaya kaɗai ta amsa mini. Na ce abu guda ne zan yi wa yarinyar can a duniya da za a ce ni na yi mata. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba. Wannan kam ina so in gan shi da idona. Kuma na gan shi, Lami. Kafin ki shigo na zauna na kalle shi har na ƙoshi."

Ban taɓa ɗaga wa Inna murya ba sai ranar.

"To me ya hana ki faɗa? Kina ji aka mare ni! Kina ji abin da Yaya ta ce!"

"Na ji. Na yi niyyar in faɗa, in miƙa akwashar a wuce wurin. Na buɗe baki kika riga ni. Da na ga ƙofa ta buɗe mini sai tsoron tabarmar nan ya kama ni, na bi ta ciki na bar ki da kayan. Ki yafe mini." Ta lalubo hannuna ta sa mini majanyin. "In kin ga yarinyar can, ki gaya mata ni na yi mata wadarinta. Ni bakina ba zai iya ba."

Na fita rafi ba tulu, na zauna a kan dutse na yi kuka har ya ishe ni. Haushinta nake ji, tausayinta nake ji, kuma ina jin haushin kaina da na ɗauki uwata makauniyar da ba ta san abin da hannunta ke yi ba. Da na dawo na ce mata na yafe, na kuma yi mata alkawari zan isar da saƙon.

To, ga wurin da na tara ku dominsa. Malam, rubuta shi yadda yake. Ban isar ba. Ba hanya ce ta hana ni ba, ko da yake na sha fakewa da cewa hanyar Gayam ba lafiya. Bayan wannan rana na haɗu da Yaya Asabe sau huɗu. Na farko a bikina, na ce ba ranar wannan magana ba ce. Na biyu a rasuwar Inna. Muna zaune tabarma ɗaya, kafaɗarta tana taɓa tawa, na juya zan yi magana, sai wasu mata suka shigo gaisuwa, biyu daga cikinsu da goyo a majanyin rawaya. Ɗaya ta ce, "Ga mai hannun nan, ga Lami da ta ƙago mana abin ado." Na ji daɗi. A zaman makokin uwata na ji daɗi, na haɗiye maganar na ce sai gobe. A lokacin har daga nesa ake aiko mini, akwasha ta zo hannuna bayan Gwaggo, in na shiga taro ana nuna ni. In na faɗi gaskiya, rawayar ta koma ta Inna, ni in tashi da me? Ƙaryar farko don uwata na yi ta, wannan ba na jin kunyarta. Shirun da ya biyo baya don kaina na yi shi. Yaya ta sassauto da shekaru, takan aiko mini da daddawa, ni in aika mata gwado, amma ba ta taɓa sa rawaya a jikin 'ya'yanta ba, kuma in ana hirar Inna takan tashi ta ce za ta duba tukunya. Ta rasu da damina, kogi ya cika, labari bai iso mu ba sai da aka kwana uku da rufe ta. Ta tafi tana tsammani uwarta ta kishingiɗa ranar wadarinta.

Ba zan yi muku ƙaryar ƙanƙan da kai ba. Jan nan da siririn farin nawa ne, ni na durƙusa a toka na samo su, kuma har gobe in na ga goyo ya wuce da su raina yana yin fari. Amma ban da rawayar Inna da ba abin da zan je nema a daji. Saboda haka daga yau a gidan nan kada in ƙara jin Gangancin Lami. Ku kira shi Ganin Inna. Mutanen gari su kira abin da suka ga dama, bakinsu ne.

An gaya mini Mairo, autar Kulu, tana da cikin fari, za ta sauka bayan kaka. Majanyin yana ƙasan tukunyar kayana, a naɗe cikin farin ƙyalle. Jan ya ɗan kwanta, rawayar tana nan, ba a taɓa goya kowa da shi ba. Ku bari kogi ya janye, biyu daga cikinku su ɗauke shi tare da takardar nan su kai Gayam. Ku sa Kulu ta zauna, a karanta mata tun daga farko, kada a tsallake wurin da na ji daɗi a zaman makoki. Sannan ku ba ta abinta, don nata ne tun tana ciki. In ta tambaya wa ya yi wadarin, ku ce Inna ce ta yi wa Asabe, da hannunta, kuma tana gani ta yi shi.